Kwayil Huɗun Malam Zailani

Ana saukowa daga Juma'a, mutane ko gama gaisawa ba su yi ba, sai aka ji salatin Malam Zailani daga farfajiyar gidansa a Ƙofar Gayan. Daga jin salatin ka san ba na neman lada ba ne. Kafin ka ce kwabo lungun ya cika maƙil, yara har da hawa katanga.

Motarsa ce, wata ruwan toka da ya shekara goma sha biyar yana riritawa. Bonet a ɗage, kan injin a buɗe. Kwayil huɗu, wato abin da ke ba fulogi wuta, waɗanda ya ɓata safiyar nan yana ɗaurawa da hannunsa, babu ko ɗaya. Mota kuwa in ba kwayil, da ita da turmi duk ɗaya ne. Ga shi gobe Asabar da sassafe zai tuƙa iyalinsa zuwa Kaduna sunan jikarsa.

Malam Zailani shekara talatin ya yi yana koyar da gyaran inji a makarantar koyon sana'a. Ya yi ritaya, amma bakinsa bai yi ba, duk wanda ya tsaya kusa da motarsa sai ya sha darasi. Yanzu ma a bakin get ya tsaya, ya ware hannuwa ya hana kowa shiga, yana faɗa yana ƙarawa.

Ba a daɗe ba suna ya fito daga cikin taro. Nafi'u. Bakanike ne da ya zo daga wani ƙauye wajen Giwa, ba dangin iya ba na baba a cikin birni, sai wata 'yar rumfa a gindin darbejiya daura da ganuwa. Wani ya ce da safe an ga Malam ya kore shi daga farfajiyar. Wani ya ce ga shatar hannu ta baƙin mai a jikin motar. Wani kuma ya rantse bai gan shi a sahu ba. Nan da nan samari suka damƙo shi, wasu suka nufi rumfar za su rushe.

Mai unguwa ne ya tare su da ƙyar. Ya ce a kai Nafi'u zaurensa, kada wanda ya taɓa shi ko ya taɓa rumfar sai an yi Magariba. In lokacin ya yi ba a ga kayan ba, a miƙa shi ga hukuma, kuma zamansa a unguwar ya ƙare. Sannan ya ce a kira masa Bahago.

*

Bahago shekara arba'in ya yi yana bin sawun shanun sata a daji, har gwiwa ta ce ta gaji, ya dawo birni yana tufka igiya. Abin da ya sani game da mota bai wuce ƙafafunta huɗu ne kamar na saniya ba. Da ya iso bai dubi kowa ba, gabas ya duba. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska tana ta kaɗa ledoji a lungu. Ya san ruwan sama ba ya barin shaida.

Ya cire takalmi ya shiga farfajiyar ta gefen bango. An share ƙasar tas, babu sawun kowa sai na Malam da ya shigo bayan salla. A jikin ginshiƙin get na hagu ya ga gurzar mota har wuri uku, da fentin ruwan toka a kai, wata ta tsufa, wata sabuwa. Ya shafa, ya wuce.

"Malam, ni jahili ne a wannan fanni," in ji shi. "Yaya ake cire abin nan?"

An sosa wa Malam inda ke masa ƙaiƙayi. Duk da ɓacin ran sai da ya gyara tsayuwa.

"Da farko ka cire kan batir, kada wuta ta yi ɓarna. Sai ka danna haƙorin soket a hankali, ba fizga ba, robar ta tsufa. Ka kwance noti da sifana mai lamba goma, ka ajiye shi inda ba zai ɓata ba. Ka ɗan murɗa kwayil ɗin ka zare shi. Kana zarewa ka toshe ramin fulogi da tsumma mai tsabta, don tsakuwa ɗaya in ta faɗa ciki, inji ya gama yawo. Shekara talatin ina faɗin haka, ban ga yaron da ya riƙe ba."

Bahago ya leƙa. Kan batir a cire. Soket huɗu, ba wanda ya karye. Noti huɗu a jere cikin murfin gwangwani. Ramuka huɗu, kowanne a toshe da farin ƙyalle an naɗe shi tsaf.

"Kai ka toshe ramukan nan?"

"Waɗanne ramuka?"

Malam ya sunkuya, ya kai yatsa ya lalubo ƙyallen. Sannan ya ɗago da ƙarfinsa.

"To ka gani! Aikin wanda ya san inji ne. Wa ya rage in ba bakaniken nan ba?"

Bahago ya sake duban ƙyallayen. A shekarunsa na daji bai taɓa ganin ɓarawon da ya kore shanu sannan ya tsaya gyara shingen garke ba, abin ya tsaya masa a rai.

*

Nafi'u na tsugune a kusurwar zauren mai unguwa, an yaga masa wuyan riga, leɓensa ya kumbura. Yana ganin Bahago ya yunƙura zai tashi.

"Zauna. Hannunka ne a jikin motar?"

"Nawa ne, Baba. Da safe na dafa ta, ina kallon Malam yana aiki."

"Ina ka yi Juma'a?"

"A Gyallesu. An kira ni gyara, lokaci ya ƙure, na bi sahu a can. Ba wanda ya san ni a wurin, balle ya shaide ni."

"Me ya haɗa ka da Malam?"

Nafi'u ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsu.

"Na ga wani abu ne na yi magana, ya ji haushi. Ya ce mu makanikan bakin titi ba mu san komai ba sai guduma."

"Me ka gani?"

"Baba, sa'an ubana ne. A bar kaza cikin gashinta."

"Kai, yaro! Kazar nan kai za a fige in Magariba ta yi. Ka san haka?"

"Na sani. Rumfar nan ita ce komai nawa, da ita nake ciyar da tsohuwata a ƙauye. In aka kira ni ɓarawo a nan, ko Tudun Wada na koma sunan zai riga ni isa." Ya ɗago kai. "Amma ba zan faɗa ba."

Haushi ya kama Bahago, tausayi kuma ya fi haushin yawa. Shi ma ɗan ƙauye ne, ya san yadda birni ke yi da baƙo ranar da kaya suka ɓata. Ya fita ya bi ta rumfar. Can ya tarar da notuna warwatse cikin ƙasa, ga karyayyun soket an tara a gefe, ga wani inji a buɗe kaza na tsaye a kai. Ya yi murmushi. Wanda ya jera noti huɗu a murfin gwangwani ba a wannan rumfar ya koyi aiki ba. Sai dai wannan ba hujjar da za a tare samari da ita ba ce, ga shi har an kira La'asar.

*

A bakin get ɗin Malam, a ɗan gefen da ƙafafun jama'a ba su tattake ba, ya tsinci sawun baro. Tayar tana da ɗingishi, kowane zagaye sai ta karkata dama. Ya bi ta, samari biyar suna biye da shi, suna hura masa numfashi a ƙeya. Sawun ya kurɗa lungu uku, ya tsallake kwata, ya ɓulla bayan ganuwa, wurin da Sabo ɗan gwangwan ke tara tarkacen ƙarfe.

Sabo na ganin su ya saki buhun da ke hannunsa.

"Wallahi ni ban yi komai ba!"

"Wa ya ce ka yi?" in ji Bahago. "Me ka ɗauko a gidan Malam Zailani?"

"Shi ya ba ni da hannunsa. Ya ce tsofaffin da ya cire ne, in je da su."

Ya jawo wani kwali. Kwayil huɗu ne a ciki. Uku sun yi furu-furu, robarsu ta tsage, ɗaya har da ƙuna. Na huɗun kuwa sabo ne dal, da 'yar takardarsa manne a jiki.

Samari suka ɗauki ihu. Ga ɓarawo! Ɗaya ya shaƙi wuyan Sabo, wani ya ce ai haɗin baki ne shi da Nafi'u. Bahago ya ɗaga sandarsa da hannun hagu ya gitta ta tsakaninsu.

"Ku sake shi. Ku da ido kuke tafiya ko da baki? A bakin get sawun takalmin Malam na fita masallaci ya hau kan sawun baron nan. Sabo ya bar gidan tun Malam na ciki. Da wane hannu ya koma ya yi sata?"

"To sabon nan fa, Baba?"

Tambayar da shi ma yake yi wa kansa ke nan. Idan sabon kwayil yana cikin kwalin tun da safe, to uku kawai Malam ya ɗaura sababbi, na huɗun tsoho ya mayar bai sani ba. Ya tuna gurzar ginshiƙi. Ya tuna yadda Malam ya lalubi farin ƙyalle da yatsa, rana tsaka. Ya gane abin da Nafi'u ya gani ya ƙi faɗa.

Ɗigon farko ya sauka a bayan hannunsa. Ya rungumi kwalin ya juya da sauri, gwiwar da ta ce ta gaji yau sai da ta yi gudu.

*

Ya ja mai unguwa suka shiga farfajiyar su biyu. Yayyafi ya fara huda ƙasa. Bahago ya durƙusa ya kwantar da kai har kuncinsa na taɓa turɓaya.

"Ranka ya daɗe, dubi bakin tsintsiyar nan. Kowace shara tana hawa kan wadda ta riga ta. Mai goge sawunsa da baya yake tafiya, yana sharewa yana ja, har ya kai inda zai shige. Da waje ya fita, sharar ƙarshe a bakin get za ta kasance. Bi ta da ido."

Mai unguwa ya bi ta. Layin tsintsiya ya tashi daga gaban motar, ya zagaya, ya tafi yana hawa kan juna har dokin ƙofar shigifa, mashigar cikin gida. A nan ya tsaya. A kan dandamalin akwai rabin sawun dunduniya, ƙarama, marar takalmi.

"Innalillahi," in ji mai unguwa a hankali. "Bahago, wannan magana ta fi ƙarfin lungu."

"Shi ya sa na kira ka kai kaɗai."

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Suna tsaye suna kallo ya shafe komai.

*

A zauren Malam aka taru, aka rufe ƙofa aka bar samari a waje ƙarƙashin rumfar mai shayi. Malam na kan buzunsa, mai unguwa a gefe, Nafi'u da Sabo sun rakuɓe jikin bango. Labulen ƙofar cikin gida yana ɗan motsi, ba kuwa iska ce ke kaɗa shi ba.

"Nafi'u ba shi ba ne," in ji Bahago. "Na ga wurin aikinsa. Da shi ya cire, da mun tsinci noti a ƙasa, soket biyu sun karye. Ka yi haƙuri, yaro, gaskiya ce. Sabo ma ba shi ba ne, ya tafi kana gida. Wanda ya cire kayan nan ya bi darasinka daki-daki, Malam, bai tsallake ko ɗaya ba. Yana son motar. Ba ya dai son ta tashi."

"Kana min tatsuniya ne?" Malam ya daka tsawa. "Ina kayana?"

Bahago ya so ƙwarai a ce akwai wata hanyar. Bai taɓa jin nauyin aikinsa irin na yau ba, amma Magariba ta kawo jiki, kuma akwai marar laifi a jikin bango. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya juye kwalin Sabo a kan tabarma, ya jera kwayil huɗun a gaban Malam.

"Waɗannan ka ba Sabo. Akwai sabo ɗaya a ciki. Daga inda kake, nuna mana shi."

Ruwa na ta dukan kwanon rufi. Malam ya ƙanƙance ido. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Yatsansa ya tashi, ya yi ta yawo a iska a kan kayan, ya kasa sauka.

"Ya isa haka, Malam Bahago."

Hajiya Mariyamu ce, matar Malam ta shekara talatin da takwas. Ta ɗaga labule ta shigo lulluɓe da mayafi, ta durƙusa ta ajiye wata kwalla a gaban mijinta, ta buɗe. Kwayil huɗu ne naɗe cikin tsohon zani, kowanne ta ɗaura masa zare, na farko ƙulli ɗaya, na biyu ƙulli biyu, har na huɗu, don kada a manta mazaunin kowanne.

"Ni na cire, Malam."

"Ke?"

"Ni. Shekara nawa ina riƙe maka tocila ina miƙo sifana? Duk abin da kake faɗa wa yaran mutane, a kunnena yake sauka." Ta share ido da bakin mayafi. "Sau uku kana gurzar ginshiƙin nan. Saƙon waya ni ke karanta maka. Na ce mu je a duba idon, ka ce in sake wannan magana ko na gaya wa yara, ba ni ba kai. Yau ina tsaye ka ɗauki ƙonannen kwayil ka mayar, ka jefa sabon a kwali. Yaron nan ya ce, Malam wannan tsohon ne, ka kore shi. Sai na tuna hanyar Kaduna da manyan motocinta, ga jikoki biyu da za ka ɗauka a baya. Wallahi tsoro na ji. Na ce in ɓoye su zuwa jibi, mu hau motar haya."

Ta juya wajen Nafi'u, ta kasa haɗa ido da shi.

"Tun da na ji an kama ka na rasa sukuni. Sau biyar ina zuwa bakin labulen nan ina komawa. Na zalunce ka, ɗana. Ka yafe mini."

"Ba komai, Hajiya," in ji Nafi'u, hawaye na bin kumburarren leɓensa.

Kowa ya zaci Malam zai yi aradu. Bai yi ba. Ya jawo kwallar ya shafa kayan ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirga ƙullin zaren da yatsa. Da ya zo na uku ya tsaya, ya shafa tsagar robar, ya shinshina ƙunar. Ya daɗe riƙe da shi.

"Kin cire kan batir tukuna?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na cire."

Ya gyaɗa kai. "Ɗalibai sun fi dubu. Ashe ɗaya ce ta ji."

Sannan ya juya inda yake jin numfashin Nafi'u.

"Kai kuma an dake ka, an yaga maka riga, kana da maganar da za ta fid da kai, ka haɗiye ta. Don me?"

"Malam, ai ba tawa ba ce da zan faɗa."

Malam Zailani ya dafa bango ya miƙe. Ya ce a buɗe ƙofa. Mai unguwa ya ce ya bari ruwa ya tsagaita, ya ce a'a, a bainar jama'a ya ɓata yaron, a nan zai wanke shi. Ya fita ba hula, ruwa na dukan furfurarsa. Samari suka taso daga rumfar mai shayi.

"Jama'a, kayana suna cikin gidana, ba su taɓa fita ba. Nafi'u bai ɗauka ba, Sabo bai ɗauka ba. Ni na yi zato, ni na ɗauki alhakinsu. Idona ne ya mutu, na ƙi yarda." Ya nuna wajen rumfar Nafi'u. "Wanda ya taɓa rumfar nan, ni ya taɓa."

Samari suka fara ja da baya. Wanda ya yaga rigar ma ya sulale ta bayan mutane. Daga masallacin unguwa ladan ya gyara murya.

Malam ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin motar, wanda ko 'ya'yan cikinsa bai taɓa ba su ba.

"Nafi'u, bayan salla ka zo ka ɗaura su. A hankali, ban da guduma, Hajiya za ta nuna maka. Gobe kai za ka tuƙa mu. In mun dawo ka kai ni wurin likitan ido."

Ya miƙa makullin. Sai dai ya miƙa shi ne ta hagu, inda babu kowa sai ginshiƙin get. Bahago ya gani, mai unguwa ya gani, duk lungun ya gani. Nafi'u ya yi taku biyu a hankali cikin taɓo, ya tsaya daidai inda hannun yake, ya sa hannu biyu ya karɓa.